Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Majalisar Dokokin Jihar Kaduna kan haƙƙin Balarabe Musa

Mai girma Shugaban Majalisa, da masu girma wakilanmu da ke zama a Lugard Hall,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah Ya taya ku riƙo, na rubuto muku ne a kan Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, zaɓaɓɓen gwamna na farko a jihar nan, wanda Allah Ya yi wa rasuwa ranar 11 ga Nuwamba 2020 yana da shekara 84. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata namu zuwan.

Na san wani zai ce ai gidan Sir Kashim Ibrahim, fadar gwamna, ya kamata takardar nan ta nufa, tunda can ake sa hannu a fitar da kuɗi, can ake raɗa wa tituna suna. Da gangan na kawo ta gabanku. Majalisar nan ce ta tsige mutumin nan ranar 23 ga Yuni 1981, ya zama gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a Nijeriya. Ba ku kuka kaɗa ƙuri'ar ba, wasunku ma a lokacin ba a haife su ba. Amma majalisa ba ta mutuwa, mutanen cikinta ne ke sauyawa. Zauren kuka gada, sandar kuka gada, kundin kuka gada, kuma kowa ya san kafin a raba gado sai an fara biyan bashin da ke kansa.

Bari in tuna wa matasan cikinku yadda abin ya faro. A watan Yulin 1979 mako-mako aka yi ta zaɓe. Ranar 21 ga wata aka zaɓi 'yan majalisar jiha, jam'iyyar NPN ta su Shehu Shagari ta kwashe kujeru sama da 60 daga cikin 99. Jihar Kaduna ta wancan lokacin ta haɗa da Katsinar yau, tun daga Daura da Jibiya har Kafanchan da Kagoro, don sai a 1987 aka raba. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare, Alhaji Lawal Kaita na NPN rantsuwa kawai yake jira. Mako guda bayan nan, ranar 28, mutanen nan dai da suka cika majalisa da NPN suka koma rumfar zaɓe suka ba PRP ta Malam Aminu Kano, jam'iyya mai ɗan makulli, ƙuri'arsu. Akwai tsamin da fitar da ɗan takara ya bari a cikin NPN. Akwai magoya bayan sauran jam'iyyu da suka haɗa kai don kada jam'iyya ɗaya ta cinye duka, akwai mutanen kudancin Zazzau da suka gaji da zaman 'yan kallo, ga kuma tsofaffin 'yan NEPU, jam'iyyar talakawa da PRP ta gada, da suka yi kusan shekara 30 suna jiran rana irin wannan. Ko ma dai wanne ya fi nauyi, wani akanta ɗan garin Kaya, wanda ya yi Midil ta Zariya, ya kuma riƙe asusun gidan rediyo da talabijin na Arewa a Kaduna, shi aka rantsar ranar 1 ga Oktoba a ƙarƙashin tutar PRP.

Tun daga ranar aka sa zare. Doka ta ce gwamna ya kawo sunayen kwamishinoni, majalisa ta amince. Ya aika aka dawo masa da su, ya sake aikawa aka sake dawowa da su, haka aka yi ta yi. Masu rinjaye suna ganin tunda majalisa tasu ce, dole a dama da su a gwamnati. Shi kuma yana ganin jama'a manufar PRP suka zaɓa, ba zai ɗauko wanda ya yi yawon kamfe yana zagin manufar ya damƙa masa ma'aikata ba. Har ya bar gidan gwamnati bai zauna da kwamishina ko ɗaya ba. Da manyan sakatarori da masu ba da shawara ya tafiyar da jihar da a yau ta zama jiha biyu. Ku da kuka san yadda ake tantance kwamishinoni a zamanin nan, wani ma a ce ya rusuna ya wuce ba a yi masa tambaya ko ɗaya ba, kun fi ni sanin abin da wannan ke nufi.

Duk da haka, a kwanakinsa na farko ya yi abin da har yau ake ambatonsa da shi a ƙauyuka. Ya soke haraji da jangali, kamar yadda takwaransa Muhammadu Abubakar Rimi ya yi a Kano. Wanda bai ga zamanin ba da wuya ya gane nauyin wannan magana. Haraji kuɗin kai ne, a wuyan kowane baligi namiji, ko ya noma ko bai noma ba, ko damina ta yi albarka ko fari ya ƙone gero. Da kaka ta yi, mai unguwa zai fara zagaye gida-gida, dagaci na matsa masa, hakimi na matsa wa dagaci, kuma ba a rasa mai ɗora nasa a kai kafin kuɗin su isa baitulmali. Magidanci zai kwance damin da ya ajiye don bazara ya kai kasuwa a daidai lokacin da hatsi ba shi da daraja, tunda kowa sayarwa yake yi, sannan idan rumbu ya yi ƙasa ya dawo ya saye shi da tsada a hannun wanda ya sayar wa. Wani akuyar matarsa ce za ta tafi, wani tasoshin jerenta. Wanda ya kasa biya a shanya shi a rana a ƙofar fada, a gaban 'ya'yansa da surukansa. Samari da yawa ba sha'awar birni ke kai su cin rani ba, kuɗin haraji suke nema. Ɗan guntun rasit ɗin nan kuwa sai an ninke shi an cusa a cikin hula, domin a tasha ko a bakin kasuwa ana iya tare mutum a ce ya nuna, in babu a tafi da shi. Bafulatani shi kuma kowace saniya da kuɗinta. Idan lokacin ƙirga ya zo sai a kora rabin garke cikin daji da dare, a yi ta wasan ɓuya da malaman jangali, wanda aka kama kuma ya biya har da na toshiyar baki.

A kan wannan NEPU ta yi ta magana tun kafuwarta a 1950, a kansa aka ɗaure mutanenta, aka yi wa wasu bulala a kotunan alƙalai. Balarabe yana saurayi ya shiga NEPU. Da alƙalami ya zo hannunsa bai ce a kafa kwamitin nazari ba, bai ce a jira kasafin baɗi ba, soke abin ya yi.

A ganina ma ba soke harajin ne ya fi tayar wa manya hankali ba, maganar gonaki ce. Ya kafa hukumar binciken filaye, ta zagaya jihar tana sauraron manoman da suka ce an ƙwace musu gonakin kakanninsu, wasu da sunan gandun sarauta, wasu da takardar mallaka da aka yanka wa wani mai hali a Kaduna wanda bai taɓa taka gonar ba. Talakan da a da ko ɗaga kai ba ya yi a gaban hakimi, sai ga shi tsaye a bainar jama'a yana faɗin sunan wanda ya karɓe masa fadama, ana rubutawa. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san ba a yafe irin wannan da sauƙi.

Sai kuma tunaninsa na akanta. So ya yi kowace ƙaramar hukuma ta samu masana'antar da za ta sarrafa abin da ƙasarta ke bayarwa, a daina kwasar ɗanyen kaya ana kai wa wasu suna cin ribar. Kamfanin sarrafa tumatir na Ikara da na citta a Kachia daga wannan shiri suka fito. Ku bi hanyar Zariya zuwa Ikara a lokacin da tumatir ya yi yawa, ku ga kwanduna jere a bakin titi, manomi na roƙon dillali ya ɗauka ko nawa ne kafin rana ta narkar da shi, sannan ku ce mini mutumin bai hango nesa ba.

Yanzu ga tsigewar kanta, wadda ita ce dalilin da ya sa na zo ƙofarku. Sashe na 170 na tsarin mulkin 1979 ya ba shugaban majalisa ikon naɗa mutum bakwai da za su binciki gwamna. Wato ɓangaren da ya kawo ƙara shi ke zaɓo masu bincike, shi ne kuma zai yanke hukunci da ƙuri'ar kashi biyu cikin uku. Shugaban majalisar lokacin, Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa, ɗan NPN ne. Jigon tuhumar shi ne gwamna ya saɓa wa tsarin mulki, ya yi gaban kansa a al'amuran da doka ta ce sai da kwamishinoni ko da yardar majalisa. Kwamishinonin nan kuwa majalisar ce da kanta ta hana shi. Ya garzaya kotu, kotu ta ce hannunta a ɗaure yake, domin ƙaramin sashe na 10 ya hana ta sa baki a sha'anin tsigewa. Shi ke nan, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya hau kujerar. Don ku san irin zafin da ƙasa ta ɗauka a makonnin nan, kwana 17 bayan tsigewar, ranar 10 ga Yuli, aka yi tarzoma a Kano aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamnan Kano Abubakar Rimi shawara kan siyasa.

Ƙasar nan ta gane akwai gyara a wancan tsari. Sashe na 188 na tsarin mulkin 1999 ya ɗauke ikon naɗa masu binciken daga hannun shugaban majalisa ya ba babban jojin jiha. A 2006 aka tsige Rashidi Ladoja a Oyo, aka tsige Peter Obi a Anambra, aka tsige Joshua Dariye a Filato, dukansu kotu ta mayar da su kujerunsu. A shari'ar Ladoja Kotun Ƙoli ta fito fili ta ce idan majalisa ta tsallake ƙa'ida, kotu na da hurumin dubawa. Balarabe bai samu wannan gata ba. A kansa aka yi gwajin, waɗanda suka zo baya suka ci moriyar gyaran.

Ba cewa nake ku mai da shi waliyyi ba. Mutum ne mai taurin kai, kuma shi kansa bai taɓa ɓoye hakan ba. Har a cikin masoyansa akwai masu cewa da ya sassauta ya ba NPN kujera biyu ko uku, da ya cika shekara huɗunsa talaka ya ƙara morewa. Hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba, ko da yake ina shakkar kujera uku za ta ƙosar da mutanen da maganar gonaki ta taɓa. Haka nan rabuwar PRP gida biyu, santsi da taɓo, da hannunsa a ciki. Shi da Rimi na Kano suka ci gaba da halartar taron gwamnoni tara masu ra'ayin kawo sauyi bayan uwar jam'iyya ta hana, suka ƙare a ɓangaren santsi na Michael Imoudu, tsohon jagoran 'yan ƙwadago, Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983 jam'iyyarsa na a rabe. Akwai dattawan taɓo, ɓangaren Malam, da har yau in aka taɓo zancen sai ka ga ransu ya ɓaci, kuma suna da haƙƙin hakan. Duk wannan ku sa shi a ma'auni. Abin da na sani shi ne idan an gama aunawa, abin da ya rage a ɓangarensa ya ishi kowace majalisa ta miƙe tsaye.

Wata 20 da 'yan makonni ya yi a kan mulki. Shekara 39 ya yi bayan mulki, kuma a wurina waɗannan shekarun su ne babbar hujja. Da sojoji suka kifar da jamhuriya ta biyu ranar 31 ga Disamba 1983, sun tsare shi kamar yadda suka tsare sauran tsofaffin gwamnoni. Kotunan soja suka yanke wa da yawa daga cikinsu ɗaurin shekaru masu yawa, shi kuwa aka bincika ba a same shi da cin dukiyar jama'a ba. Ya koma gonarsa da gidansa a Kaduna. Daga 1999 zuwa rasuwarsa mulki ya sauya hannu a Abuja, ya sauya a Kaduna, 'yan siyasa suka yi ta ƙaura daga wannan inuwa zuwa waccan, shi bai taɓa ɗaukar jakarsa ya koma inda ake rabo ba. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a PRP a 2003 yana sane sarai ba zai ci ba, don dai kada tutar ta faɗi. Ya jagoranci gamayyar jam'iyyun siyasa ta CNPP shekara da shekaru. Ya soki Obasanjo, ya soki Umaru Musa 'Yar'aduwa duk da cewa shi ma tsohon ɗan PRP ne, ya soki Jonathan, ya soki Buhari a lokacin da sukar Buhari a Arewa ke jawo wa mutum jifa. Duk wanda ke sauraron sashen Hausa na gidajen rediyo ya san muryar nan, a hankali take fita, ba ihu, ba zagi, amma ba ta kewaye-kewaye. Sai a 2018, da jiki ya ƙi, ya sauka daga shugabancin jam'iyyar, Alhaji Falalu Bello ya karɓa.

Akwai wani aikinsa da ba a cika ambata ba, alhali ya shafi kowane ɗan siyasa da ke raye a ƙasar nan. Da aka dawo mulkin farar hula, hukumar zaɓe ta gindaya sharuɗɗa masu tsauri na rajistar jam'iyyu, waɗanda sai mai kuɗin buɗe ofisoshi a jihohi da yawa zai iya cikawa. Balarabe da wasu shugabannin ƙananan jam'iyyu, ciki har da Gani Fawehinmi, suka kai ƙara. A ƙarshen 2002 Kotun Ƙoli ta rushe mafi yawan sharuɗɗan, ta ce hukuma ba ta da ikon ƙara wa tsarin mulki abin da bai faɗa ba. Shari'ar da sunansa aka san ta, ɗaliban lauya na karanta ta har gobe. Sakamakonta ne jam'iyyu suka kai 30 a zaɓen 2003. Duk wanda a cikinku ya taɓa rasa tikiti a babbar jam'iyya ya samu ƙaramar da ya raɓa, ko ya yi wa shugabannin jam'iyyarsa barazanar zai fita, ƙofar da dattijon nan ya buɗe ya bi.

Abuja ma ta riga ku. Ranar 12 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ambaci sunansa cikin waɗanda aka ba lambar girma bayan rasuwarsu, aka ba shi CFR. Madalla. Amma lambar Abuja ba ta sauke muku naku nauyin ba, don ba a Abuja aka tsige shi ba.

Abin da nake roƙo na farko ba ya cin ko sisi. Ku keɓe zama guda, ku gabatar da ƙuduri, ku yi muhawara a kansa, ya shiga kundin majalisa cewa wannan zaure ya shaida hidimar da Abdulƙadir Balarabe Musa ya yi wa jihar nan tun daga ƙuruciyarsa har ƙarshen ransa, kuma ya shaida ba da satar kuɗin jama'a ya bar mulki ba. Ban ce ku soke tsigewar ba. Abin da ya faru ya faru, kuma goge shi daga tarihi wata ƙaryar ce da shi kansa ba zai yarda da ita ba. So nake wanda ya buɗe kundinku nan gaba ya ga shafin 1981, ya kuma ga shafin da kuka ƙara. Ku gayyaci iyalansa su zauna a wurin baƙi. Ku gayyaci takwarorinku na Katsina, domin rabin labarin nasu ne: Lawal Kaita, Ɗanmusa da Abba Musa Rimi duk daga can suke, kuma talakan Daura da Funtuwa shi ma an sauke masa haraji a rana ɗaya da na Giwa da Zonkwa.

Na biyun shi ne ya fi damuna, saboda lokaci na cinye shi. Ku fito da takardun. Kundin muhawarar majalisa daga Oktoba 1979 zuwa Yunin 1981 dukiyarku ce, a hannunku take. Takardar tuhumar, wasiƙun da suka yi ta kai da komo tsakanin gwamna da majalisa kan kwamishinoni, rahoton mutum bakwai ɗin nan, jawaban kasafin kuɗinsa, da rahoton hukumar binciken filaye, duk a tattaro su. Abin da ya ɓace a ma'ajiyarku a neme shi a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke nan Kaduna, a Arewa House, a ɗakunan karatu na Jami'ar Ahmadu Bello, da wurin almajiran marigayi Dakta Yusufu Bala Usman a Zariya, tunda ya riƙe muƙamin sakataren gwamnatin jiha a zamanin PRP kuma mutum ne mai adana takarda. A nemo tsofaffin fitowar New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo na watannin nan, da faya-fayen rediyon Kaduna idan sun tsira. A ɗauki hotonsu a sa a intanet kyauta, a buga su littafi, a kuma fassara muhimman zuwa Hausa, domin mutanen da aka yi rigimar a kansu ba da Turanci suka ji zafinta ba. Kowa ya san abin da gara da ɗigon rufi ke yi wa takarda a ofisoshin gwamnati.

Sannan mutanen. Waɗanda suka rage daga cikin 'yan majalisa 99 ɗin nan duk sun tsufa, haka ma'aikatan majalisar lokacin, da manyan sakatarorin da suka yi aiki babu kwamishina a kansu, da 'yan jaridar da suka ɗauki rahoto, da manoman da suka tsaya gaban hukumar filaye. A aika matasa da na'urar ɗaukar magana su zauna da su. A ji ta bakin waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar tsigewa, a bar su su faɗi hujjarsu ba tare da an tsangwame su ba. Wataƙila akwai abin da suka gani wanda mu masoyansa ba mu gani ba, kuma na fi son in ji shi daga bakinsu da in ji shi daga bakin jikokinsu.

Takardu da muryoyi kuwa sai da gidan da za su zauna. Kano ta nuna yadda ake yi. Gidan Malam Aminu Kano da ke Gwammaja, Mambayya, yau cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, ana taro, ana horar da mutane, ɗalibi na shiga ya ga ɗakin da Malam ya zauna. Gidan Sardauna a nan Kaduna shi ne Arewa House. Jihar nan na da jami'arta tun 2004. Ku yi doka ku kafa cibiya da sunan Balarabe Musa a cikinta, wadda aikinta zai zama nazarin mulkin ƙananan hukumomi, haraji, filaye da yadda ake kashe kuɗin jama'a, abubuwan da ya ƙare rayuwarsa a kansu. Na ce doka, ban ce sanarwa ba, saboda sanarwa tana tafiya da gwamnan da ya yi ta. A sa mata layinta a kasafin kuɗi, a haɗa da tallafin karatu ga 'ya'yan talakawa masu son karatun akanta daga ƙananan hukumomi 23 na jihar, a riƙa buga sunayen waɗanda suka samu da makarantun da suka fito, kada abin ya koma rabon 'yan lele. Idan kuma an ga dama a ƙara da titi ko shatale-tale, ba na ƙi ba, sai dai allon suna shi ne mafi arha a cikin abin da ake yi wa mamaci, shi ya sa aka fi yawan yin sa.

Akwai kuma abin da ke cikin aikinku na yau da kullum, ba sai an kira shi karramawa ba. Kuna da kwamitocin sa ido. Ku tura su Ikara da Kachia su dawo su faɗa wa jama'a a fili halin da masana'antun nan ke ciki, nawa aka zuba musu tun kafuwarsu, wa ke riƙe da su, me ya hana su ɗaukar amfanin gonar manoman da aka gina su dominsu. Manoman citta na kudancin jihar sun ga bala'i a 2023 da cuta ta cinye musu gonaki, ba su da bukatar a yi musu dogon bayani kan amfanin masana'anta a kusa da su. Haka nan ku duba yawan tikitin da ake yanka wa mai tallan kayan miya, da ɗan acaɓa, da mai kora awaki kasuwa, tun daga shingen hanya har zuwa rumfa. An soke haraji a 1979, amma duk dokar karɓar kuɗi da ta biyo ta zauren nan ya kamata wani ya miƙe ya tambaya ko tsohon abin ne ya dawo da sabon rasit.

Na san akwai mai cewa a zuci, mutumin nan fa da yana raye da mu ma bai ƙyale mu ba. Gaskiya ne, da ya soke ku, kuma da wannan ƙudurin ma sai ya tambayi nawa za a kashe a zaman. Ba ɗan jam'iyyarku ba ne, bai bar muku wani rukunin ƙuri'u da za ku gada ba, babu kwangila a cikin maganar. Shi ya sa ma idan kuka yi babu mai cewa siyasa ce.

Ranar 23 ga Yuni ce ta fi dacewa da zaman, in kuma ta faɗo cikin hutu, ga 11 ga Nuwamba. Kaya a ƙasar Giwa take, don haka ɗaya daga cikin wakilan Giwa ne ya fi cancanta ya miƙe ya gabatar da ƙudurin, wakilin Ikara ko na Kachia ya mara masa baya.

Wassalam.

Naku,
Ɗan jiha mai kaɗa ƙuri'a, daga Zariya.